Rediyon Nana da Manhaja ta Bakwai

Litinin, da hantsi

Na ce a'a. Ina rubutawa a nan don kada gobe wani ya ce ban faɗa ba.

Oduro ya faɗo ɗakin na'urori ko ƙofa bai ƙwanƙwasa ba, wai babbar manhaja ta bakwai ta fito, yana so in ɗora ta a kwamfutar situdiyo kafin ƙarshen mako. Na ce masa jaririya ce, ko arba'in ba ta yi ba.

Ya ce, "Yaya Dufie, duniya fa duk ta koma kanta."

Na ce, "Wace duniyar? Wadda ake ɗauke wa wuta, ko ɗayar?"

Shekara tara ina riƙe da na'urorin gidan rediyon nan. Ni na ja wayoyin, ni na ɗora ta shida, kuma tun da na ɗora ta ba ta taɓa kunyata ni a kunnen mutanen Konongo ba. Oduro ɗan gwaggona ne, na goya shi, ya jiƙa mini baya ba sau ɗaya ba. Yanzu shi ke zaune a ofishin Papa, tunda shi ɗan 'yar'uwa ne, shi ne dangi, shi ne magaji, don a wurinmu gado ta ɓangaren uwa yake bi. Ni 'yarsa ce kawai. Na san haka abin yake tun kakanni, ban kuma ce a sauya ba. Ya zauna a kujerar lafiya, amma kwamfutar har yau ni ce injiniyarta.

Litinin, da yamma

Motar haya ta bi da mu ta gefen asibiti. Ban kalli ƙaramin ginin nan na baya ba. Ban kalla ba.

Talata, tsakar rana

In yi masa adalci, Oduro yana da dalili. 'Yan'uwan da ke Italiya da Amurka suna so su kalli taron kai tsaye idan ranar ta zo, na'urar bidiyon da ya sayo kuwa ba ta jin yaren ta shida. Kuma masu manhajar sun ce baɗi za su daina yi wa ta shida gyara. Duk gaskiya ne. Haushina shi ne yadda yake cewa "taron" kamar bikin buɗe shago.

Ina da wata kwamfuta a ƙarƙashin tebur, irin ta situdiyo sak, a kanta nake gwaji. Na ɗora mata ta bakwai. Ba zan ɓoye ba, ta burge ni. Tana tashi da sauri, sautinta fes, na'urar bidiyon ma ta karɓe ta nan take. Sai na yi mata abin da nake yi wa kowace sabuwa: na bar ta tana kiɗa, na fizge wayarta daga bango. Haka masu wuta suke yi mana, ba sa neman izini, batirin ajiyarmu kuwa ya tsufa, kafin janareta ya yi tari ya tashi komai ya mutu. Na mayar da waya, ta tashi lafiya. Na sake, ta tashi lafiya.

Na gaya wa Oduro sai ta sha fizga ta sati uku kafin ta shiga situdiyo. Ya ce wannan ba gwaji ba ne, mugunta ce.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Anti Pokuaa, wadda ke karanta sanarwar rasuwa tun ranar da Papa ya buɗe gidan rediyon nan, ta zo da baƙin zane a cikin jaka. Sai da ta rufe ƙofar situdiyo ta ɗaura shi, ta kuma kwance kafin ta fito, don ba a ba mu izinin sa baƙi ba tukuna. Oduro ne ya sa a ɗauki sanarwar tun yanzu, wai komai ya zauna a shirye. Ni na riƙe mata sauti. Da ta zo kan sunan sai muryarta ta karye, muka sake. Ta sake karyewa.

Ta ce, "'Yata, ki fita mana, in kira wani ya riƙe."

Na ce, "Anti, karanta kawai. Wa zai riƙe? Duk gidan nan wa ya san inda ake rage amo?"

Haka muke yi wa kowane gida. A ɗauki sanarwa, a sa mata ranar da dangi suka yarda, kwamfuta ta riƙe ta har ranar ta zo ta sake ta da kanta. Ba a sanar da gari sai dangi sun kai wa sarki kwalbar giya ta al'ada, sun kuma zauna gaban tsofaffin gida sun faɗa da baki. Tamu tsohuwar ita ce Nana Afrakoma, wadda ta haifi Papa. Tana ƙauye, ba a faɗa mata ba. Ana jiran Kawu Amoako, shugaban dangi, ya iso daga Italiya. Rediyon Nana kuwa mai batir ne, a tasharmu yake tun asuba har ta kwanta, ba ta taɓa murɗa shi wani wuri ba.

Alhamis, da la'asar

Nana ta sa an kira mata ni.

"Dufie, likitocin nan har yanzu ba su saki ubanki ba?"

Na ce yana hutawa.

"Hutun me? Mutumin da ko yana yaro sai an ɗaure shi yake kwanciya? Ki ce masa shirinsa na Lahadin nan na ji shi tun bara. Ya daina ba mutane ɗumame."

Na ce zan faɗa masa. Ta tambaye ni ko ina cin abinci, na ce ina ci. Ƙarya biyu a kira ɗaya. Da na ajiye waya na je na fizge wayar kwamfutar gwaji da ƙarfin da bai kamata ba, har soket ya biyo ni.

Asabar, da safe

Ta bakwai ta faɗi gwaji.

Na fizge, na mayar, ta tashi kamar kullum. Sai na ji muryar Anti Pokuaa a lasifikar gwaji tana karanta sanarwar wani gida na Odumase da ba a yarda a saki ba sai wata mai zuwa. Na duba kusurwar allo, kwanan wata ya yi tsalle gaba da wata biyu. Ta tsaya a haka 'yan mintuna, har ta samu intanet ta gyara kanta. Amma a 'yan mintunan nan manhajar watsa shiri ta ɗauka duk ranakun sun zo, ta shiga zubo abin da aka ba ta ajiya ɗaya bayan ɗaya. Na biyu a layi shi ne namu. Na kashe lasifika kafin ta kai kan sunan.

Na zauna a ƙasa. Da a situdiyo ne, da yanzu Nana ta ji, tana zaune a kujerarta da kwanon koko a hannu.

Asabar, da yamma

Na rubuta wa masu manhajar a zauren da ake kai ƙorafi. Wani ya amsa cewa shi bai taɓa gani ba, in gwada kashe kwamfutar yadda ya dace. Yadda ya dace! Bari in kai wa masu wuta saƙonsa. Sai wata mata daga Lusaka ta ce ita ma ta gani sau ɗaya bayan an ɗauke musu wuta. Na ji kamar in rungume ta. Daga baya ɗaya daga cikin masu manhajar ya ce suna dubawa.

Litinin, da hantsi

Na kira Oduro ya gani da idonsa. Na fizge, lafiya. Na fizge, lafiya. Har hannuna ya gaji, 'yar banza ta ƙi yi. Tana tashi tsaf da kwanan wata daidai, kamar yaron da ya ga baƙo ya natsu.

Oduro ya ce, "Yaya, ko dai ke take tsoro? Ni da ta gan ni ta shiga hankalinta."

Na ce, "Sannu, Baba ƙarami. Sau ɗaya ta yi, kuma sau ɗaya ya isa."

"Sau ɗaya cikin nawa?"

"Cikin nawa kake so? Kakarka guda nawa ce?"

Na ga abin ya taɓa shi, don shi ma Nana ce ta yaye shi. Sai ya ce zai sayo sabon batirin ajiya. Na ce madalla, yaushe? Ya ce bayan taro, yanzu kuɗi duk sun tafi kan rumfuna da kujeru. Na ce to a cire sanarwarmu daga layi har ranar, in ya so a sa ta da hannu. Ya ce Kawu Amoako da kansa ya ce a sa ta a bar ta, kuma abin da dangi suka sa ba 'ya ce za ta cire ba. Da taushi ya faɗa, shi ya sa ya fi zafi.

Talata, tsakar rana

Na cire ta.

Laraba, da safe

Ya gano. Ya mayar da ita, ya sauya kalmar sirri ta kwamfutar situdiyo, ya ce in je gida in huta kwana biyu, wai gajiya ce da abin da ke damun mu duka. Na ce ba na jin gajiya. Ya ce ba shawara ba ce.

Na ce, "Ka rubuta ka ba ni, in san korata ka yi."

"Haba Yaya, wa ya isa ya kore ki?"

"To ba ni kalmar."

Bai ba ni ba. Anti Pokuaa ta biyo ni har bakin titi da ƙunshin dokunu, tuwon masarar nan na cikin ganye, da kifi, ta tura mini a jaka. Ta ce, "Ke da ubanki duk kanku ɗaya, dutse." Ta faɗi haka sai ta kama bakinta, muka tsaya muna kallon motoci.

Alhamis, da yamma

Kawu Amoako ya ɗage zuwansa. An ce takardu ne. Ba takardu ba ne, rigimar gadon gonar koko ce, ni kuwa ba zan rubuta ta a nan ba. Su can suna ja, Papa yana can cikin sanyin asibiti, Nana tana can tana jiran ya warke.

Na kawo kwamfutar gwaji gida. Tawa ce, da kuɗina na haɗa ta. Ina fizga ina mayarwa, maƙwabciyata ta leƙo ta tambaya ko lafiya.

Asabar, da hantsi

Ta sake yi. Wannan karon na ɗauka a waya, na tura wa Oduro. Ya ga saƙon. Bai amsa ba.

Lahadi, bayan coci

Na sa farin zane mai ɗigon shuɗi kamar ba abin da ya faru. Matan ƙungiya suna ta cewa a gaishe da mai jiki, fasto ma ya sa shi a addu'ar marasa lafiya. Na ce amin da ƙarfi, har ta kusa da ni ta juyo. Wasunsu sun sani, na gani a idonsu. Kowa ya sani, kowa yana yi wa kowa kara, sai tsohuwa ɗaya aka bari a duhu da rediyo a kunne.

Talata, da la'asar

Anti Pokuaa ta kira ni a ɓoye daga banɗaki. Oduro ya kawo wani mutum daga Kumasi, ya ɗora ta bakwai a situdiyo tun safe. Ta ce mutumin mai hankali ne, ya kalli bidiyon da na tura, ya ce da wuya ta sake yi. Ni ma ban ce da sauƙi ba. Na ce takan yi.

Na tambaye ta sanarwar fa, ta ce tana layi, an matsa da ita zuwa Litinin mai zuwa, don Kawu ya ce Asabar zai sauka. Ina cikin magana da ita hadari ya taso daga gabas. Kowa a garin nan ya san abin da masu wuta suke yi da sun ga hadari.

Laraba, da safe

An ɗauke wuta jiya, an kawo. Na zauna da rediyo a cinya har tashar ta dawo. Kiɗa ne ya fito. Na gode wa Allah, na kuma ji haushin kaina da na zama mai zaman caca da kunnen kakata.

Na kira Oduro. Na ce ya ba ni izini in je in ɗauke rediyon Nana in ce gyara zan yi. Ya ce in na ɗauke ta aika a aro na maƙwabta, kuma gaskiyarsa ne, duk ƙauyen tasharmu suke ji. Na ce to a je a faɗa mata gobe, shi da uwarsa sun isa. Ya ce, "Yaya, kin san ba hurumina ba ne. Kwana nawa ya rage? Ki yi haƙuri mana."

Haƙuri na yi ta yi. A'a na ce tun farko, kuma a'a ce har yanzu. In ba zan iya hana ta bakwai shiga situdiyo ba, akwai abin da zan iya.

Alhamis, da sassafe, a tasha

Na sayi burodi da man zafi na ƙafa. Mota ta kusa cika.

Juma'a, da hantsi, a ƙauye

Jiya na tarar da Nana a baranda, rediyo a kan kujera kusa da ita, muryar Anti Pokuaa a cikinsa tana karanta farashin kasuwa. Gwaggo Konadu, uwar Oduro, wadda ke zaune da ita, ta tafi taron mata. Na shafa mata man a ƙafa, na kai ta ɗaki, na rage rediyon. Ta ce me rediyon ya yi mini. Na durƙusa na kama hannuwanta biyu.

Na shirya magana a mota, irin ta manya, mai zagaye. Duk ta gudu. Na ce, "Nana, Papa ya rasu."

Ga shi na rubuta. Papa ya rasu. Ubana ya rasu.

Ba ta yi motsi ba. Can ta ce, "Yaushe?"

Na ce ya kusa wata.

"Wata guda ɗana yana kwance a sanyi, ni ina nan ina aika masa faɗa."

Na ba ta labarin kwamfutar, ban san ko ta gane ba, ina yi ina kuka. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa."

"Amoako bai sani ba?"

"Bai sani ba. Su ci ni tara, Nana, in kawo musu rago. Ban damu ba."

Ta ce, "Rago! Ke rago kike gani? Akwatin gawarsa za su hana ki saya. Abu ɗaya da aka bar wa 'ya ta yi wa ubanta, shi za ki ba su a hannu?" Ta share mini fuska da bakin zanenta, da ƙarfi, kamar ina 'yar shekara biyar. "Ba ki faɗa mini komai ba. Ƙafata kika zo dubawa. Tashi ki sa sakata."

Na sa sakata. Ta cusa zane a baki ta yi kukanta a ciki, jikinta duk yana rawa, ba sauti. Da muka ji takun Gwaggo a tsakar gida ta wanke fuska, ta ce in ƙara rediyon.

Asabar, tsakar rana

Oduro ya turo saƙo. Wai an ɗauke wuta har sau uku tun Talata, ta bakwai ko gezau, kuma Kawu ya sauka, gobe za su zo. Ya sa hoton dariya. Na amsa masa cewa na ji daɗi, kuma da gaske na ji. Na ƙara da cewa in ya tambaye ni yau ko ta isa a ɗora, amsata ba ta sauya ba, akwai sanarwar gidaje huɗu a layin nan ban da tamu, su ma suna da tsofaffi. Masu manhajar sun ce gyara zai fito wata mai zuwa. In ya fito zan fizge ta sati uku, in ta tsaya in sa hannu da murnata.

Nana ta ci ampesi, dafaffiyar doya da miya, da rana, ta yi wa Gwaggo tsiya a kan gishiri, ta tambaye ta jikin Papa. Gwaggo ta ce da sauƙi. Nana ta ce to madalla. Na tashi na fita bayan gida, don ba zan iya kallo ba.

Lahadi, da yamma

Sun zo bayan coci, mota biyu. Kawu Amoako a gaba da zanensa a kafaɗa, Oduro a baya riƙe da kwalba. Ya gan ni ya buɗe baki, na ce ƙafar Nana na zo dubawa. Aka jera kujeru, aka ba su ruwa, aka tambaye su abin da ke tafe da su. Ni aka nuna mini benci can baya wurin 'ya'ya.

Kawu ya daɗe yana zagaye. Ya yi maganar tafiya, ya yi maganar likitoci da iyakar ƙoƙarinsu. Nana tana zaune ta miƙe wuya tana kallonsa kamar ba ta san inda ya dosa ba. Har ta ce masa, "Amoako, ka faɗi abin da ya kawo ka, rana tana yi." Sai ya faɗa.

Ihun da ta yi ya fito da mutane daga gidaje har bakin rafi. Kowa ya ce kukan wadda ta ji yanzu ne. Ni kaɗai na san tun ranar Alhamis take riƙe da shi a ciki, tana ci da shi tana kwana da shi, saboda ni.

Mata suka rufu a kanta, ta ture su. Ta ce, "Ina 'yarsa? Ku kawo mini 'yarsa."

Kawu ya ce, "Nana, 'ya'ya suna baya, sai an gama."

Ta ce, "A gidana?"

Na ratso ta tsakiyar dangi na zauna a tabarma a gefen ƙafarta. Ta kama hannuna ta ci gaba da kukanta, ni ma na yi nawa a fili, karo na farko, da baki buɗe. Har yanzu da nake rubutun nan shatin farcenta yana wuyan hannuna.